Rigar da Ba Ta da Ninki

Shekara arba'in Baba Tela ya yi a kan keken ɗinki, kuma bai taɓa ɗinka wa yaro riga daidai jikinsa ba. Sai ya ƙara yatsa huɗu a hannu, ya bar ninki mai kauri a ƙasa, uwar yaro na ƙorafi yana cewa, "Yaro ai shuka ne, Hajiya. Badi ki kawo a farke." Yanzu ido ya yi rauni, keken yana lulluɓe da tsohon zani, amma hali zanen dutse.

Autarsa ce ta janyo shi shagon kayan ruwa da ke bakin tafki. An yi wa mijinta canjin wurin aiki zuwa wani gari mai nisan tafiyar kwana biyu, saura mako guda su tashi. Abu ɗaya tsohon ya roƙa kafin tafiyar: ya ɗauki jikarsa mai shekara biyar, wadda yake tsokana da Amarya, a kwalekwale zuwa tsibirin da ya saba kai uwarta tana ƙarama. Auta ta ce ta yarda, amma sai da rigar ceto, irin wadda ke hana mutum nutsewa.

Shagon yana warin roba da igiya. Rigunan suna rataye jere, masu ruwan lemo da rawaya, daga ta jarirai har ta ƙattai. Baba Tela ya shafa ɗinkin ɗaya da babban yatsa, ya taɓe baki kamar yadda kowane tela ke yi wa aikin wani. Sannan ya tsallake ƙananan, ya zaro wata da za ta yi wa ɗan shekara takwas.

"Wannan za mu ɗauka."

Mai shagon, wata mata mai tabarau a goshi, ta dubi rigar ta dubi yarinyar. "Baba, bari mu ɗora ta a sikeli tukuna. Da nauyi ake zaɓa, ba da ido ba."

"Ni za a koya wa awo? Ina auna mutane tun ba a haife ki ba, 'yata. Bana ta yi mata yawa, badi ta zauna, badin badaɗa ta cika ta."

Auta ta gyara goyon jaririnta, ta yi dariya ƙasa-ƙasa. "Baba ke nan. Ni fa ban san tsawon hannuna ba sai da na shiga sakandare."

Maganar ta mayar da shi baya. Ya tuna ranar da ya fara kai ta tsibirin, tana sanye da wata shuɗiyar riga da ya ɗinka mata da ragowar yadi. Iska ta shiga rigar ta kumbura ta, marigayiya matarsa ta riƙe ƙasan tana dariya har da hawaye, tana cewa ya bar tuƙi kawai, ga filafilan da iska za ta tura kwalekwalen da su Allah ya ba su. Babu rigar ceto a lokacin, sai hannun uwa da addu'a. Shekara uku Auta ta yi kafin ta cika rigar nan, kuma duk shekarun sai da suka koma tsibirin, shi kuma yana farke ninki ɗaya bayan ɗaya. Kewar ranakun ta kama shi.

Mai shagon ba ta yi gardama ba. Ta sa wa Amarya babbar rigar, ta ja zif, ta ɗaure maɗaurai iya matsewarsu.

"To Baba, kama kafaɗun rigar ka ɗaga ta sama. Abin da ruwa zai yi ke nan."

Ya kama ya ɗaga. Rigar ta taho, yarinyar ta tsaya a ƙasa. Wuyan ya wuce haɓarta, ya wuce kunnuwanta, sai idanu biyu kawai ke leƙowa, muryarta na fitowa daga ciki: "Kaka, ka ɓatar da amaryarka!"

Kowa ya yi dariya ban da shi. Ya tsaya riƙe da riga marar nauyi, yana kallon inda kan jikarsa ya shige.

"Ruwa ba ya jiran yaro ya girma," in ji mai shagon a hankali.

Ta kawo ƙaramar, mai tudu a bayan wuya don tallafe kai da maɗauri da ke bi ta tsakanin ƙafafu. Wannan karon da ya ɗaga, yarinyar ta taso tare da rigar tana wutsil-wutsil da ƙafafu. Ya sauke ta, ya juya ƙasan rigar yana lalube. Ba ninki, ba ko rabin yatsa.

"Wata nawa za ta yi mata?"

"In tana cin abinci, bana kawai."

Ya saki ƙasan rigar. Shi kansa ya san ba don yarinyar ya so babbar ba. Rigar da ta yi yawa dalili ne na dawowa. Dole a zo badi a gwada, a zo badin badaɗa a ga ko ta cika. Wannan kuwa ta tafiya ɗaya ce, kuma a shekarunsa tafiya ɗaya tana ba shi tsoro.

"A ba mu ita," ya ce. "In kun tashi ki sa mata a akwati."

Auta ta daɗe tana kallonsa. Ita ce ta girma cikin rigunansa, ta san abin da ninki yake nufi a wurinsa.

"A akwati kuma? Ina muka ga tafki a can? A gidanka za ta zauna, Baba, ka rataye ta jikin keken." Ta juya masa baya, ta nuna jaririn da ke barci da baki buɗe. "Ga mai ita nan. Ka auna shi, shekara nawa kafin ya cika ta?"

Baba Tela ya buɗe tafin hannunsa a bayan yaron, daga kafaɗa zuwa kafaɗa, kamar yadda ya yi wa dubban yara. Ya ƙirga a zuci.

"Huɗu," ya ce. "Amma sai ana kawo shi gwaji duk shekara."