Bangon Gilashi a Ɗakin Baba

Shekara guda na yi ina hawa rufin ofishinmu kowace safiya da tsumma a hannu, ina goge gilashin na'urar auna hasken rana. Abokan aiki har suna suka laƙa mini, wai Mai Yi Wa Rana Wanka. Ko a jikina. Fayil ɗin yanayi da masu zanen gini ke ɗora wa kwamfuta, don ta nuna yadda haske zai shiga ɗaki tun ba a aza bulo ba, ya tsufa. Hasken da ke cikinsa ma ba aunawa aka yi ba, kintace ne daga yawan gajimare. Ranar la'asar da ke gasa mu, a wurinsa wata saliha ce mai kunya.

Don Baba na nace. Tela ne, idanunsa sun fara rauni, likita ya ce a sama masa haske mai laushi, ba mai kashe ido ba. Yayana, mai zanen gine-gine, shi ya ɗau nauyin tsara masa ɗakin ɗinki a sabon gidanmu. Ranar da na miƙa masa fayil ɗin da na gyara, ya dafa kaina ya ce da aikin ƙanwarsa zai yi, ba da na kowa ba. Ni kuma sakarya, har da ƙwalla.

Ɗakin ya fito da bango guda na gilashi yana kallon yamma. Kyau kam ba a magana, hotonsa ne ma a ƙofar kamfanin su Yaya. Amma da azahar ta gota sai rana ta kwararo kan keken ɗinki, ƙarfen ya riƙa walƙiya, Baba yana taka keke da hannu ɗaya a goshi, ido na zubar ruwa. Aka sa labule, ɗakin ya koma duhu.

Na ɗauka lissafina ne ya kuskure. Na je har ofishin Yaya in ba shi haƙuri, bai ko ɗago kai ba.

"Naki daidai ne," in ji shi. "Na gwada, ya nuna hasken zai yi yawa. Da tsohon fayil ɗin kuwa zanen ya wuce lafiya, sai na yi aiki da shi."

Na tambaye shi ko ya tuna don wa aka yi ɗakin. Ya ce kada in cika shi da surutu, gilashin nan ne ya jawo musu manyan ayyuka.

Ban taɓa jin an ci amanata haka ba. Na dawo gida zuciyata na tafasa, na tarar da Baba yana jan kekensa zuwa lungun da ke bayan kicin. Na fara zayyana masa, ya ɗaga mini hannu.

"Na sani. Ya gaya mini tun ba a fara ginin ba. Ni na ce ya yi abinsa, kada dai ke ki ji." Ya nuna ƙafar keken. "Kama mini nan, uwata."