Ƙarar Gaban Ƙadangaruwa

"Koma baya, Malam, sake taka ramin nan," in ji Gambo Bakanike daga kan tabarmarsa.

Malam Muntaka ya sa ribas, ya ja baya, ya sake jefa tayar hagu cikin kwarin da ruwan damina ya ci a ƙofar gidajensu. Gaban motar ya ba da ƙwas, kamar an buga ludayin ƙarfe a bakin tukunya. Karo na bakwai ke nan tun hantsi. Ya kashe ta, ya fito da ƙyar yana dafa gwiwa, don fita daga motar nan ma aiki ne ga wanda ya haura sittin.

Duk Safana babu wanda bai san motar ba. Ja ce mai ƙofa biyu da kujera biyu, cikinta kusan yana shafar ƙasa, shi ya sa aka sa mata suna Ƙadangaruwa. Muntaka ya saye ta ne tun yana sabon malami, a hannun wani Ba'indiye mai koyar da kimiyya da zai koma gida. Lokacin samartaka na ɗibarsa, ya kai wa Gambo ya ce a ƙara kwantar da ita ƙasa, don ya gani a wata mujalla haka ake yi. Gambo ya ce masa wauta ce a garin da babu kwalta, sannan ya yi masa. Daga nan suka saba, har suka zama maƙwabta katanga ɗaya shekara talatin da ɗoriya.

Yanzu ciwo ya kwantar da Gambo. Ƙafafunsa sun kumbura, cikinsa ya ɗauki ruwa, asibiti kuma sun sallamo shi da irin sallamar da kowa ya san ma'anarta. Abu ɗaya ya rage masa a rai. 'Yarsa Naja'atu da ke aure a Batsari ta haihu, aiki aka yi mata, an ce kada ta hau hanya sai ta yi arba'in, kuma yaron sunan Gambo na yanka aka sa masa. Shekarar ce aka rufe layukan waya saboda 'yan bindiga, ko muryarta ba ya samu ya ji. Motocin haya sun yi ƙaranci, wadda ta fito kuwa ana danna mutane har kan giya, ba wurin mai kumburin ciki ba ne. Muntaka ya ce shi zai kai shi. Kujerar Ƙadangaruwa tana kwantawa, man da ya lallaɓa ya tara a tanki kuma zai kai su ya dawo da su.

Sai ga wannan ƙarar ta fito ranar da ya tayar da motar.

"Mu tafi hakanan, Yaya," Muntaka ya ce tun ranar farko. "Ƙwas ce kawai, ba ta hana tafiya."

"Motar da ban san kukanta ba, ba ta hawa hanyar Batsari," in ji Gambo. "In ta tsaya mana a dajin nan, ni dai na riga na gama. Kai fa? Me zan ce wa iyalinka?"

Ba a musu da Gambo a kan mota, ko gwamna ne kai. Haka Muntaka, mutumin da bai taɓa riƙe abin da ya fi alli nauyi ba, ya koma kwanciya a ƙarƙashin mota, don kanikawan da suka san irinta duk sun bar garin. Ran Asabar Gambo ya ce boljon ne, mahaɗar ƙafar motar. Muntaka ya tono wani a tsohon tarkacen garejin Gambo, ya ɗaga mota da jak, ya wuni yana fama. Ƙara ta ƙaru. Ran Lahadi ya ce tayarod ne. Aka sake ɗagawa, aka canza, ƙara ta ƙara ƙaruwa. Yau Litinin, yatsun Muntaka duk sun fashe, fuskar Gambo kuwa ta ƙara faɗawa, idanun sun yi zuru-zuru.

"Shokozoba ne," Gambo ya faɗa yana kallon taya. "Amma sake takawa in tabbatar."

Muntaka ya koma ciki ransa a ɓace. Wannan karon gajiya ta sa ya kauce, tayar ta bi gefen ramin ta wuce sumul, ko ƙis ba ta yi ba. Ya leƙo ta taga zai ce bari ya sake, sai ya ga Gambo yana gyaɗa kai.

"Ka ji ta ko? Wannan ta fi ta ɗazu ƙarfi."

Muntaka ya daɗe hannunsa na kan makulli. Ya fito, ya zagaya ta bayan tabarmar inda Gambo ba ya ganinsa, ya ce a hankali, "Yaya." Shiru. Ya ɗauki sifana biyu ya gwara su daidai ƙeyarsa. Ko gezau.

Hansai, matar Gambo, tana tsaye a bakin zaure da kofin kunu. Ta sunkuyar da kai.

"Tun wata biyu ne, Malam," ta ce. "Baki yake kallo. Kai kuma muryarka ta aji ce, ita yake ɗan tsinta. Ya ce in na faɗa bai yafe ba."

Haushi ya taso wa Muntaka har wuya. Kwana uku! Kwana uku cikin kwanakin da ba su da yawa, an kashe su a kan canki-canka. Ya zagayo gaban tabarmar da niyyar ya faɗi maganganu, sai ya ga hannuwan Gambo a kan cinya, baƙin mai na shekara hamsin bai gama fita daga faratan ba. Wannan shi ne mutumin da direbobi ke zuwa tun daga Dutsin-ma, mota ta wuce sau ɗaya a gabansa ya faɗi ciwonta yana cin goro. Haushin ya narke, tausayi ya maye wurinsa.

Ya tsuguna daf da shi yadda zai ga bakinsa.

"Yaya, ban taka ramin ba."

Gambo ya dube shi, ya dubi Hansai, ya kawar da kai wajen katanga.

"Kunnen da na ci abinci da shi ke nan, Malam," ya ce daga baya. "Ƙafa ta tafi ban damu ba. Amma wannan, kunya nake ji wallahi. Na ce ko zan dace."

"To yanzu ya za mu yi? Ni dai gobe sai mun tafi, da ƙara ko babu."

"Ba za mu ba." Gambo ya share ido da bakin riga. "Hansai, cikin akwatin nan nawa akwai dogon ƙarfe mai bakin sukudireba. Kawo mani. Ku kawo kujera kuma."

Su biyu suka kinkime shi, ba shi da nauyi sai na ruwan ciki, suka zaunar da shi jikin tayar hagu, aka buɗe bonet. Gambo ya goge kan ƙarfen da hularsa, ya ɗora tsininsa a kan notin shokozoba, sannan ya ciji ɗaya kan da haƙoran da suka rage masa. Ya ce maigidansa na Funtuwa ne ya koya masa, shi ma da tsufa ya kurmance, abin da kunne ya ƙi ji haƙori yana ji. Muntaka bai taɓa ganin haka ba.

"Ku danna ta," ya ce ta gefen baki.

Muntaka da Hansai suka hau danna gaban motar suna saki, tsofaffi biyu suna haki a tsakar rana. Masu wucewa suka rage tafiya suna kallo. Ƙwas. Ƙwas. Gambo ya rufe ido, ya girgiza kai. Ya zare ƙarfen, ya zura shi ta bayan taya ya ɗora a kan tayarod ɗin da aka sha wahalar canzawa. Ya girgiza kai. Ya matsar da shi kan boljon, nan ma babu. Gumi yana bin wuyansa, Hansai ta ce a bari ya huta, ya daka mata harara. Sai ya kai tsinin gindin sifirin, can ƙasa inda yake zaune a mazauninsa.

Suka danna. Kan Gambo ya yi baya kamar an ɗalle shi a baki.

Ya cire ƙarfen, ya tofar da yawu mai ɗan jini, sai kuma ya fara dariya, dariyar da ta koma tari.

"Aikina ne," ya ce. "Ni na yanke sifirin nan da wutar walda shekarar da ka zo mani da mujallarka. Zagaye ɗaya da rabi na cire. Na sa mashi roba a gindi don kada ya goga, ta ruɓe, bakin yankan ya zame daga mazauni. Kai kuma duk ɗagawar da ka yi da jak, taya ta sauka, gajeren sifiri ya saki, ya ƙara gocewa. Da hannunka kake ƙara mata."

"Da bakinka dai. Wa ya ce in ɗaga?"

"Wa ya ce a kwantar da mota a garin ramuka? Ai na gaya maka wauta ce."

"Ka gaya mani, kuma ka yi."

Rabon Hansai da ta ji su suna wannan cacar bakin tun kafin azumi. Ta juya ta shige gida da sauri, tana jan gyale a fuska.

Gyaran bai kai wahalar neman ba. Gambo ya sa aka yanko guntun tiyon ban ruwa aka zura a bakin sifirin, aka juya shi ya koma gurbinsa, aka ɗaure da waya ninki uku. Ya ce a sauke jak a hankali, kada a ƙara ɗaure ko noti ɗaya sai motar ta zauna da nauyinta. Muntaka ya bi ramin sau biyar. Gambo bai kalli taya ba, fuskar Muntaka yake kallo ta gilashi, kuma a nan ya karanta amsar.

Sai dai an riga an kira la'asar, kuma a shekarun nan babu mai hankalin da zai kama hanyar Batsari bayan la'asar.

"Gobe da hantsi," in ji Muntaka da ƙarfi.

"In Allah ya kai mu." Gambo ya dafa jikin motar. "Ka ce yaron zai yi kama da wa? Uwarsa da aka haife ta, kunnuwa ne kawai, faka-faka irin nawa. Ina so in ɗauke shi, Malam. Ko sau ɗaya in ji nauyinsa."

Ya sa Hansai ta fito masa da farar rigarsa ta Juma'a, ta ƙulla dabino da 'yar hular saƙa da ta yi wa jaririn. Muntaka ya wanke motar tas kafin magariba, ya kwantar da kujerar gefe, ya gyara ta.

Da ya dawo daga sallar asuba ya tarar da Hansai a bakin zaure, ba kofi a hannunta. Ta ce Gambo ya farka ya yi taimama, ya tambaya ko gari ya waye, ta ce saura kaɗan. Ta je ɗora ruwan wankansa, ta dawo ta samu ya cika.

Kafin ƙarfe goma an kai shi. A cikin farar rigar ba a tafi da shi ko'ina ba, tana nan rataye a ƙusa. Da aka dawo daga maƙabarta aka zauna a ƙofar gida, sai maganar ta taso, wa zai gaya wa Naja'atu? Babu waya, Hansai ta shiga takaba. Wani ya ce a ba direba saƙo ran kasuwa. Muntaka ya miƙe ya karɓi ƙullin dabinon, ya ce ba a bakin tasha 'yar Gambo za ta ji ba.

Hanya ba kowa. Gero ya nuna a gonaki har ya sunkuya, babu mai yanka. Ya wuce ƙauyuka biyu da ba hayaƙi a cikinsu, ya wuce shingen sojoji, suka leƙa suka yi wa motar dariya suka ɗaga masa hannu. Ƙadangaruwa tana faɗawa ramuka tana fita, gabanta shiru, lafiya lau. Muntaka ya kama kansa yana kasa kunne, yana so ta yi ƙwas ɗin nan ko sau ɗaya, don ya samu abin da zai koma ya faɗa wa wani. Kewar mutumin ta kama shi tun bai yi awa uku a ƙasa ba, ya yi ta tuƙi yana share fuska da hannun riga.

Ana kiran azahar ya shiga Batsari. Ya tsaya a ƙofar gidan, bai kai ga kashe mota ba sai ga Naja'atu ta fito daga zaure, tana takawa a hankali saboda ɗinki, jariri a kafaɗa cikin tawul. A cikin motar nan aka kai ta makaranta ranar farko, ta san kukan injinta tun daga kwana.

"Baba Malam! Wallahi ina ji na ce ku ne." Tana dariya, tana gyara wa yaron wuya. "Babana, tashi ga mai sunanka ya zo."

Ba ta tsaya gaisuwa ba, ta zagaya ɗaya gefen. Motar ta yi ƙasa da yawa, sai da ta dafa rufin da hannu ɗaya ta sunkuya, ta juyo da fuskar yaron wajen taga don a gan shi. Kujerar tana nan a kwance yadda Muntaka ya gyara ta jiya, da matashin kai da bargo a ninke, ƙullin dabino a tsakiya.

Ta daɗe a sunkuye. Muntaka ya kashe motar, hannuwansa biyu suka koma kan sitiyari. Yaron ya buɗe ido, ya yi hamma, numfashinsa ya bar ɗan tururi a jikin gilashin.