Takalman Azariya

Hulda ta jawo kujera ƴar tsugunno tsakar gida, ta zauna gaban mijinta, ta ɗaure fuska.

"Ni ce likita yanzu. Malam Azariya, yaya jiki?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Ka gani ko!" Ta buga cinya. "Baban Dorin, yau ma haka za ka yi mini?"

Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, har sai da ya dafa buhun citta. Mutumin da a da muryarsa ke cika cocinsu na Kwoi, wanda ta fara ƙauna tun kafin ta san sunansa, yanzu ba ya kai ƙarshen baiti sai ya tsaya neman numfashi. A zaune yake barci, ƙafafunsa sun kumbura kamar doya. Wancan zuwan da suka yi Kafanchan, likita ya tambaye shi, ya ce da sauƙi, aka sallame su da maganin ciwon jiki. Likitan zuciya kuwa ba kullum yake zama ba. In aka sake sallamarsu yau, Hulda ba ta san ko Azariya zai ga wani zuwan ba.

"Sake," ta ce. "Yaya jiki?"

"Likita, matata ce ciwona."

"Ba wasa nake ba!"

Surukarta ta leƙo daga madafa da muciya a hannu. "Hulda, bar ɗana. Mai bi ba ya kiran ciwo da bakinsa. Abin da ka furta, shi zai zauna maka."

"Mama, likita ba annabi ba ne, sai an gaya masa."

"To ba karatu ya yi ba? Ya duba mana."

Azariya ya shiga ɗaki ya fito cikin kayan Lahadi, ya cusa ƙafafunsa cikin baƙaƙen takalman aurensu, yana cije leɓe. Hulda ta miƙa masa silifa, ya girgiza kai. Ba zai je gaban mutane kamar wanda aka ɗauko daga gona ba.

A mota ba ta saki hannunsa ba. Duk ramin da suka faɗa sai ta ji numfashinsa ya sarƙe, nata ma ya tsaya. A bencin asibiti ta riƙa raɗa masa: numfashi, barci, ƙafa. Yana gyaɗa kai, idonsa a ƙasa.

Nas ta kira sunansa. Likitar mace ce, da alamar gajiya, ga layi har baranda. Ba ta ɗago sosai ba.

"Yaya jikin?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

Hulda ta dubi likitar. Ta ga biro ya fara tafiya a kan kati. Ta buɗe baki, amma ba ta taɓa ƙaryata shi a gaban baƙo ba, sai ta rufe. Hawaye kawai ya zubo, ya sauka a bayan hannunsa.

Azariya ya dubi ɗigon, ya daɗe yana dubansa. Sai ya sunkuya da ƙyar, yana haki, ya kwance igiyar takalmi. Na farkon ya ƙi fita, sai da Hulda ta durƙusa ta ja. Ƙafar ta bayyana tana sheƙi, shatin takalmin ya nutse a cikin naman.

"Likita," ya ce, "bakina ba zai iya ba. Ga su nan. Sauran ki tambayi Maman Dorin, ita ke jin yadda nake kwana."

Likitar ta ajiye biro. Ta zagayo, ta danna yatsa a ƙafar, ramin bai ciko ba. Ta jawo kujerarta kusa da Hulda.

"Madam, fara daga farko. Kada ki rage komai."

Hulda ta share fuska, takalmin na rungume a ƙirjinta, ta fara.