Ta Haddace Allon Gwajin Ido

Tana shekara shida aka fara sa wa yarinyar tabarau. Mahaifinta mai ɗaurin littattafai ne, yana ɗinke waɗanda suka warware ya sake musu bango. A aljihun teburinsa, kusa da allura da zare, yake ajiye tsofaffin tabarau nata guda biyar, kowanne ya fi wanda ya gabace shi kauri.

Ba ya kiran sunanta, domin sunan yayarsa ta ci, Allah Ya jiƙanta. Yaya Ƙarama yake ce mata. Waccan yayar ma haka ta fara, da kusanto da littafi har ya taɓa hanci. Tana shekara goma sha bakwai, wata safiya ta ce duhu ya sauko mata ta gefen ido, kuma kafin a kai ta inda ya kamata ganin ya tafi. Shekara talatin ke nan, amma har yau idan shago ya yi shiru yakan ji kamar tafin hannunta na bin bango, tana laluben ƙofa.

Tun farko likita ya yi masa bayani: ƙwayar idon yarinyar tana ƙara tsawo muddin jikinta na girma, tantanin da ke ciki kuma yana miƙewa yana sirancewa. Ya fahimta sarai, domin ya san abin da ke faruwa da fata idan an ja ta a kan bangon da ya fi ƙarfinta. Aka ce a riƙa kawo ta duk bayan wata shida.

Da ta cika sha uku, sai abin ya tsaya. Sau uku uwarta na kai ta, ana cewa tabarau ɗin yana nan daidai. Ya yi sujudar godiya, ya yi sadaka, ya ce wa matarsa Ubangiji Ya ji kukansu.

A zuwa na huɗu uwar ba ta jin daɗi, shi ya kai ta. Bencin masu jira yana ƙarƙashin allon haruffa ne. Ya ga ta ɗaga kai, leɓunanta na motsi, ya ɗauka ambaton Allah take yi, har ya ji daɗi. Shi da kansa ya koya mata hadda, kuma bai taɓa ganin mai saurin riƙewa kamarta ba.

Ma'aikaciyar gwaji ta yafuto ta. "Zo nan, gwanata. Ke kaɗai ce ba kya ɓata mini lokaci. Baba, yau kai aka tura gadi?"

Yarinyar ta zauna a ƙarshen ɗaki, ta rufe ido ɗaya, ta fara. Layi na farko, na biyu, na uku. Sai mahaifin ya lura da wani abu. Tana ɗan rangaji gaba da baya, tana jan numfashi a ƙarshen kowane layi, kuma ta shiga layi na biyar kafin sandar nuni ta isa wurin. Mai karatu yakan bi idonsa, ya ɗan tsaya, ya yi tuntuɓe. Wannan kuwa muryar mai bayar da hadda ce. Ya san ta, ai shi ya horar da ita.

"Ma sha Allah," in ji ma'aikaciyar tana jawo takarda. "Sai bayan wata shida."

Zuciyarsa ta ce masa ya yi shiru, ya karɓi wannan albishir ya tafi da shi gida. Ya nemi tsarin Allah daga wannan zuciyar.

"Baiwar Allah, babu wani allon?"

"Kai, Baba! Ta ci jarrabawa kuma ka ce a sake?"

"Ki daure."

Ta rataya allon ƙananan yara mai hotuna. Yarinyar ta ce na sama jirgi ne. Na ƙasa da shi ta dube shi, ta runtse ido, ta miƙa wuya, har hawaye ya gangaro ta ƙarƙashin gilashin.

"Yaya Ƙarama," ya ce a hankali, "me ya sa?"

"Abba, duk ranar da aka canza mini tabarau, kwana uku ba ka cin abinci. Kana kallona kamar ba ni kake gani ba."

Ma'aikaciyar, wadda raha ta bar fuskarta, ta durƙusa gabanta. "Ƙanwata, gaya mini gaskiya. Kina ganin wani abu da babu shi?"

"Baƙaƙen abubuwa kamar ƙuda suna yawo. Da walƙiya ta gefen hagu."

"Tun yaushe?"

"Sati biyu."

Ba a sa su jira ba. Likita ya ɗiga mata magani, ya haska cikin idon, ya daɗe bai ɗago ba. Sannan ya ce tantanin hagu ya tsage kaɗan a gefe, bai kai ga ɓallewa ba, kuma yau ɗin nan za a liƙe shi da hasken na'ura.

"Shi ke nan ta tsira?" mahaifin ya tambaya.

"Na yau dai, in Allah Ya yarda. Idon ba zai daina girma ba sai ta kai wajen shekara ashirin. Kafin nan ba ni da hanyar sanin abin da take gani sai ta bakinta."

Mahaifin ya sa hannu a takarda, ya juyo gare ta. Ya tattara duk abin da ke fuskarsa ya ɓoye iyakar iyawarsa.

"Daga yau duk abin da kika gani ki faɗa mini, ko da mai nauyi ne. Zan iya ɗauka."

Ta matso har numfashinta ya taɓa gemunsa, ta daɗe tana duban fuskarsa don ta tabbatar. Ba ta ce ta yarda ba. Aka kira ta, ta shiga.