Kwalaben Amato

Generoso ne ya fara gani, tun kafin kowa a wannan tudu, kuma zai gaya maka ko ba ka tambaya ba. Zamanin da ake loda jan ruwan inabin ƙauyen a ganguna, jirgin ƙasa ya kwashe shi zuwa arewa a wulaƙance don a ƙara wa na wasu kauri, shi ne ya ce wannan abu mai ɗaure harshe ba ya lalacewa, barci kawai yake so. Bai taɓa zama a aji ba, da harshensa ya yi karatu. Yunwar bayan yaƙi ta zo ta wuce shi, girgizar ƙasa ta kwantar da gari ta bar shi tsaye.

Shekarar da aka haifi ɗansa Amato, ya yi abin da kowane uba ke yi, ya ware abin da za a sha ranar auren yaron. Wasu na kanti mai tsada suke saya. Shi kuwa na yau da kullum ya ɗura, wanda ake sha da taliya, ya toshe bakin kwalaben, ya shafe da kakin zuma, ya kwantar da su cikin yashi a kogon da ke ƙarƙashin gida. Maƙwabcinsa Pellegrino, wanda ya riƙe Amato ranar baftisma, ya yi dariya ya ce kafin ranar bikin zai zama ruwan tsami, sai dai a zuba shi a kan latas.

Ba a yi bikin ba. Gashin baki ya soma fito wa Amato ke nan ƙasa ta girgiza, ɗakinsa ya rufta a kansa. Kogon bai yi ko tsaga ba. Tun daga nan Generoso bai ƙara taka wannan kusurwa ba, amma kullum a dandali yana cika baki cewa abin da ke kwance a yashinsa ya fi na teburin bishop, babban limamin coci.

Bana jikarsa za ta yi aure. 'Yarsa Carmela, uwar amarya, ta roƙe shi kwalaben, ya amsa a gaban mutane. Sai ta ce a ɗanɗana tukuna, kada a ji kunya a gaban surukai. Abin da bai gaya wa kowa ba shi ne, tun zazzaɓin da ya kwantar da shi bayan rasuwar matarsa, hancinsa da harshensa sun mutu. Tafarnuwa da burodi duk ɗaya ne a bakinsa.

Bayan cin abincin rana suka sauka su uku, Carmela riƙe da fitila, Pellegrino yana dogara sanda yana ƙorafin gwiwa. Wasu kwalabe na tsaye a saman yashi, girgizar ce ta tunkuɗo su. Generoso ya ɗauki ta kusa, ya kankare kakin, toshiyar ta marmashe a hannunsa. Ya zuba, ya riga kowa kurɓa, ya juya shi a baki kamar yadda ya saba.

"To, gurgu, ina latas ɗinka?" ya ce. "Ka taɓa shan irin wannan?"

Pellegrino ya kai kofin hanci, ya sauke. Carmela ta ɗan taɓa da leɓe, ta juya ta tofar a hankali. Ruwan tsami ne zalla. Kwalbar da ta daɗe a tsaye toshiyarta ta bushe, iska ta shiga, ko yaron goye a ƙauyen ya san haka. Suka dube shi, shi da rabin kofi ya riga ya wuce cikinsa.

"Baba, tun yaushe?" in ji Carmela.

Ya zauna a kan wata tsohuwar ganga yana kallon kofin. Bai ji kunya ba, bai ji haushi ba. Ya lalubi wani abu a ƙirjinsa bai samu ba.

Pellegrino ya jingine sanda, ya durƙusa da ƙyar yana zagin gwiwarsa, ya tona yashi da hannu har ya kai ga waɗanda ke kwance yadda aka kwantar da su. Ya zaro ɗaya. Toshiyar wannan ta fito gaba ɗaya, jiƙe, baƙa ƙirin. Ya ɗauraye kofi, ya zuba. Launin ya koma na jan bulo. Ya kurɓa, ya daɗe bai haɗiye ba, sannan ya miƙa wa Carmela. Ta sha, ta ajiye fitilar a ƙasa.

"Gaya mini," Generoso ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

"Kaushin ya tafi. Akwai busasshen ɓaure, akwai taba, da ƙamshin ƙasa bayan ruwa." Pellegrino ya goge baki. "Yana da rai, tsohon banza. Ya fi mu rai."

Generoso ya karɓi kofin ya shanye. Sanyi kawai ya ji yana gangarawa. Ya tuna cewa ruwan nan sa'an Amato ne, ya jira tunanin ya yi masa ciwo, bai yi ba. Ya ce wa Carmela ta kwashe na kwance duka ta kai biki, na tsayen kuma a ba Pellegrino don latas ɗinsa. Guda ɗaya ya hana, ya mayar da ita cikin yashi da hannunsa, ya rufe.

Washegari yana dandali a kujerarsa, hula a karkace, yana ba da labari kamar shi ya ji ɓauren da tabar. Shi ya fara gani, ya ce, tun suna tura nasu arewa kamar ruwan wanki. Wanda ke shakka, bikin ranar Lahadi ne, ya zo da kofinsa, ya sha a gabansa, sannan ya dube shi cikin ido ya ce ƙarya yake yi.