Littafin da Biba Ta Ƙunshe Ƙosai da Shi

Bahago tela bai taɓa karanta littafin ba, amma ko sunansa ba ya son ji. Wani dattijon majami'arsu ne ya ba shi labari: wai ƙagaggen labari ne da Faransanci, na wani direba Kirista da motarsa ta mutu a tsakiyar hamadar Tenere, ya yi ta addu'a har muryarsa ta dushe, ba amsa, daga ƙarshe ya yanke cewa babu kowa a sama. 'Yan lise na Agadas kuwa, wato ɗaliban sakandare, sun haukace a kansa, Musulminsu da Kiristansu.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. To, ɗiyarsa Asiya, wadda ake shirin yi wa baftisma ranar Idin Tashin Almasihu, ta daina zuwa koyon waƙa a majami'a. Da ya tambaye ta, sai ta ce, "Baba, a bar maganar baftismar nan tukuna." Ita kaɗai ta rage wa Bahago da matarsa tun da rami ya rufta da wanta Yahaya a wurin haƙar zinariya na Tchibarakaten. Bai ga ta riƙe littafin ba, amma ya tabbata ƙawaye sun fara zuba mata shi a kunne.

Sai ya ƙulla dabara, irin wadda mutum ke ƙullawa shi kaɗai bisa keken ɗinki, ba mai ce masa kul. A duk unguwar, Mourtala ne kawai ke sayar da littafin a teburinsa na bakin tasha. Bahago ya je ya kwashe su tas.

"Malam Bahago, lekwal za ka buɗe, ka tara ɗalibai?" in ji Mourtala.

"Ba ruwanka. Ɗaure mini su."

Mourtala ya ga kaya ya ƙare rana guda, ya buga waya Yamai aka ɗoro masa kartan cike a kar, babbar motar fasinja. Bahago ya sake zuwa ya kwashe, yana huci. Daga nan Mourtala ya fara gaishe shi tun daga nesa, har da miƙo kujera da kofin shayi.

Ƙonawa ya yi niyya, amma da ya buɗe guda ya ga sunan Allah ko'ina a ciki, sai hannunsa ya ƙi. Ya ɗura su a buhu, ya cusa bayan buhunan hatsi, bai faɗa wa kowa ba.

Matarsa Biba kuwa ƙosai take toyawa kowace safiya a ƙofar gida, kuma babbar damuwarta a duniya ita ce takardar ƙunshi. Ba ta yi lekwal ba. A wurinta takarda takarda ce. Ta je ɗibar hatsi, ta ci karo da buhu maƙil da takarda fara tas mai kauri, wadda mai ba zai huda ba.

Ciniki ya buɗe mata yadda bai taɓa yi ba. Ɗalibai suka riƙa yin layi, wannan ya ce, "Inna, ki sa mini shafin da ke bin na jiya," wancan ya sayi ƙosai sau biyu don bai ji yadda direba ya ƙare da jarkar ruwansa ba. Bahago bai farga ba sai ranar da ya buɗe nasa karin kumallon, ya ga direban a ƙarƙashin yaji.

"Biba! Ina kika samo wannan takarda?"

"A buhun da ka aje mini mana. Allah shi saka, maigida. Tun da ka aure ni ba ka taɓa yi mini tunani mai kyau irin wannan ba."

Ya faɗa cikin gida, ya tarar da Asiya bisa tabarma da littafin cikakke a hannu.

"Da ban karanta ba, Baba," ta ce. "Kai ka kawo shi gida."

"To mi ya hana ki waƙa tun kafin nan?"

Ta sunkuyar da kai. "Yaya Yahaya. Kullum muna yi mishi addu'a, ramin bai fasa ruftawa ba. Ku kuwa ba abin da kuke cewa sai mun gode Allah. Direban nan ne kaɗai na ji ya faɗi abin da ke raina."

Bahago ya zauna a gefen tabarmar. Kunya ta kama shi, tausayinta ya fi kunyar yawa.

"Ni ma na yi kira aka yi mini shiru," ya ce. "Har yau in kin ji ina taka keke da ƙarfi, kuka nake, kada uwarki ta ji."

Asiya ta ɗago. "To don mi kake zuwa majami'a?"

"Don wanda nake bi, shi ma ya yi kira bisa gicciye, ya tambaya don mi aka yashe shi. Ban san inda zan kai shirun nan ba in ba wurinsa ba." Ya gyara zama. "Baftisma kuwa, ba ni ƙara matsa miki. Karanta mini daga farko, Faransancina ya tsufa. Inda direban ya yi gaskiya mu ba shi gaskiyarsa, inda ya ɓata mu yi gardama."

Ta buɗe shafin farko ke nan, sai muryar Biba daga ƙofar gida: "Baban Asiya, takarda ta kusa ƙarewa! Yaushe za ka sayo wani buhun?"

Asiya ta tuntsire da dariya har littafin ya faɗi. Bahago ya zuba mata ido kawai, don rabonsa da jin wannan dariyar tun ranar da aka zo da labarin Yahaya.