Jan Layi a Kayen Labaran

…to in ba Idrisu ba, wa ya kai ƙarata? Ƙanin matata ne, shi ya sa na bar shi ya shiga ɗakin inji. Ya baro teburin namansa da tsakar rana, wai wucewa yake. Wa ke wucewa ta bayan garin Jugu, inda ba komai sai wayoyi kan sanduna? Ya ɗaga kai: "Yaya Labaran, da wa kuke magana a sama?" Na yi dariya. Dariya fa!

Yau ga ni kan benci a komisariyar 'yan sandan Paraku tun hantsi, kayen aikina, littafin da nake rubuta lambobi, yana ciki, a hannunsu.

Me zan ce musu? Gaskiya. Inji na harba sauti sama, can gaba da gajimare, gaba da hanyar jirgi, sautin ya dawo, ni in rubuta nisa da lokaci. Shi ke nan. Mushe Delma, Bafaranshen da ya ɗauke ni aiki, ya ce iskar can tana hawa tana sauka kullum kamar ƙirjin mai barci. Wata rana kuma igiyoyi su ratsa ta, lambobi su birkice…

Sun birkice ran Lahadin nan — ranar da sojojin haya suka dira Kotonu don kifar da gwamnati. Na ja musu jan layi, yadda aka koya mini. Kuma jandarman da ya zo kama ni bai ko laluba ba, shafin ya buɗe kai tsaye. Wa ya faɗa masa shafin? Idrisu bai iya karatu ba.

Mairamu? Ita ke share ɗakin… a'a, astagfirullah, uwar 'ya'yana. Amma da suka zo ba ta yi kuka ba. Takalmana ta miƙo mini. Kamar da ma a ajiye suke.

Ko Tambaya, ma'aikacin gidan waya? Duk wata shi ke buga wa ambulan ɗina hatimi — Faransa, Faransa, Faransa. Tun yaushe ya daina ce mini "ina gajiya", ya koma "kamarad", gaisuwar 'yan gwamnati?

Ƙishirwa. Wannan mai gadin yana kallon hannuwana.

Mushe ne kaɗai zai wanke ni, ga shi ya tafi. Kwana tara kafin Lahadin. Wai uwarsa ba lafiya. Shekara shida muna cin tuwo kwano ɗaya, ya taɓa ambaton uwa? A tasha ya riƙe kafaɗata: "Ci gaba da aikowa, Labaran. Kar ka tsallake ko rana ɗaya."

Ko rana ɗaya… don me?

Igiyoyin nan, na taɓa ganinsu? Da idona? Shi ya faɗa, na rubuta. Na rubuta, na liƙe, na aika. Wa ke buɗewa a can?

An buɗe ƙofa. Sunana ne ake kira.

Za su ce in rantse iska nake aunawa. Ya Rabbi… ni kaina ban sani ba.